Kunyar Tofarwa Ta Kusa Raba Ni da Alƙahira

Ranka ya daɗe Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru, ni mutum ne da ya ba arba'in baya, mai tumbi, mai baki, wanda dariyarsa kan riga shi shiga ɗaki. Kirista ne ni, Bahaushe daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Mahaifina mai wa'azi ne a majami'ar garinmu, mutumin da ko inuwarsa ba ya yarda ta gifta ƙofar gidan burkutu. Na zo Alƙahira ne ina hidimar tebur a gidan wani ma'aikacin jakadanci. Da aka yi masa sauyin wurin aiki, sai ni na ƙi motsi, domin yara sun kama makaranta, uwargida kuma ta yi suna a unguwarmu ta Hadayek el-Maadi da tuwon shinkafa da miyar kuka, har ɗaliban da suka zo karatun addini daga gida suna kiranta Mama. Matsalar ɗaya ce, ita ce iƙama, wato takardar izinin zama. Ba aiki, ba iƙama. Ba iƙama kuwa, sai mu naɗe tabarma gaba ɗayanmu. Ku riƙe wannan a zuciya, domin a kansa duk wautata ta rataya.

Ana cikin haka wani ya nuna mini shagon wata dattijuwa a unguwar Zamalek, 'yar Ƙibɗawa, wato Kiristocin Masar. Giyar inabi take sayarwa, abin da suke kira nibit, kuma ita ke kai kwalabe da ma'aikata gidajen jakadu idan suna da liyafa. Mace ce 'yar ƙarama, in iska ta taso da ƙarfi sai an riƙe ta, amma muryarta ta isa ta tsayar da mota a tsallaken Nilu. Ta tambaye ni ko na san giyar inabi. Na buga ƙirji na ce na san ta kamar yunwar cikina. Alhali kuwa ko ta jibin Ubangiji ban taɓa sha ba, don a majami'armu lemon kwalba ake zubawa. Madam, kamar yadda kowa ke kiranta, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wai ni maƙaryaci ne, amma irin maƙaryacin da fuskarsa ke sa a sayi kaya, don haka yalla, wato maza, in zo gobe. Daga ranar ta laƙaba mini suna ya basha, wato ya mai girma, ba don girma ba, don tumbina.

Ranar farko ta zaunar da ni a sito, ta jera kofuna masu doguwar ƙafa, ta ajiye wani ɗan bokitin ƙarfe a tsakaninmu. Ta zuba kaɗan, ta juya kofin, ta cusa hanci a ciki, ta kurɓa, ta dinga kuskure baki da shi kamar mai ciwon haƙori. Ina jira in ga ta haɗiye, sai kawai na ga ta sunkuya ta tofar cikin bokiti. A gidanmu, uwata ta raine mu a kan cewa abin da ya shiga baki rabonka ne, wanda ya tofar da abinci albarkarsa ya tofar, kuma ta sha koya mini wannan darasi da muciya. Bayan haka, yaya za a yi ni, ƙaton namiji, in tara yawu in tofar a gaban dattijuwa sa'ar uwata, wadda kuma ita ce uwar ɗakina? Ko a mafarki. Da ta miƙo mini nawa, na kurɓa, na haɗiye, na sunkuya kan bokitin na yi 'yar ƙara da leɓe don ta zaci na tofar. Ɗanɗanon kuwa, kamar an jiƙa tsohon takalmi a ruwan tsamiya. Amma kafin mu gama jerin kofunan nan, kunnuwana sun yi ɗumi, kuma na fara ganin sito ɗin nan a matsayin wuri mafi kyau da Allah ya halitta.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin koyon aikin nan. Duniya ce da ban san tana nan ba. Na koyi cewa ba a tsayar da kwalba sai a kwantar da ita, don kada toshiyarta ta bushe iska ta shiga. Na koyi cewa zafin Alƙahira maƙiyin nibit ne, yana iya dafa ta a cikin kwalba har ta koma kamar ruwan dafaffen dabino. Na koyi bambanta ta gonakin Masar da ke hanyar Iskandariya da wadda ta haye teku. Madam kan shinshina ta ambaci sunayen waɗansu 'ya'yan itatuwa na Turai da ko a hoto ban taɓa gani ba, ni kuwa in yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Wata rana na gaji da gyaɗa kai, na ce mata ni dai abin da nake ji a wannan kofi ɗinya ce da hayaƙin murhu, wancan kuma kanya ce da ba ta gama nuna ba, mai kama dasashi, na ukun kuwa ƙanshin ƙasa ne ranar ruwan fari. Sai da na kwatanta mata kowanne. Sai ta ce tamam, wato daidai ne, ashe bayan tumbi Allah ya ba ni hanci. Daga nan ta sa ni gaban shago. Turawa su zo, in rantse musu cewa wannan kwalbar ƙanshin goruba take yi, su tafi da ita suna murna, ba su san goruba ba, ba su kuma tambaya ba.

Sai dai abin da ya fara da kunya ya koma kwaɗayi. Da farko don Madam na zaune nake haɗiyewa. Daga baya ko ni kaɗai ne a sito, bokitin nan a bushe yake kwana kamar rijiyar rani. Aikin kuwa kullum da ɗanɗanawa: kaya sun iso a ɗanɗana, mai saye yana shakka a ɗanɗana, kwalba ta daɗe a ɗanɗana. Ni a raina ban taɓa shan giya ba, aiki nake yi. Ai ba a kiran mai ɗanɗana miya mai ci, haka nake faɗa wa kaina. Na koma tauna kanumfari kamar akuya. Wata rana da la'asar na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, zuwa gida, ban farka ba sai a Helwan, ƙarshen layi, mai shara na taɓa ƙafata da tsintsiya. Da na iso gida uwargida ta tambaya ko yanzu jirgin yawon buɗe ido yake kai ni. Na fara ba ta labarin cunkoso, ta katse ni. Ta ce wai Baban yara, ita mai sayar da abinci ce, ta san ƙanshin kanumfari, ta kuma san abin da ake binnewa a ƙarƙashinsa. Ta ce ba ta hana ni aikina ba, amma in tuna kawunan gidan nan duka a kan iƙamata suke rataye, ranar da na faɗi ba ni kaɗai zan faɗi ba. Na yi dariya na ce mata tumbin nan ko teku aka juye a ciki ba zai ji ba.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Aka ba Madam wata babbar liyafar rana a lambun gidan wani jakada a Zamalek, a tsakiyar bazara, lokacin da rana ke narkar da kwalta. A ƙa'idar Madam, karkade, wanda shi ne zobonmu na gida ba ragi ba ƙari, a tambulan ake ba da shi, nibit kuma a kofi mai ƙafa, don ko makaho ya bambanta. Amma matar gidan ta ce ba ta so baƙin da ba sa sha su ji an ware su, don haka a zuba wa kowa a kofi iri ɗaya. Ga shi kuma jar nibit ana juye ta a tulun gilashi don ta sha iska kafin a zuba, zobon ma a irin tulun aka sa shi. Ja da ja, Edita, ko uwarsu ba za ta raba su da ido ba. Madam ta kama hannuna ta ce ya basha, zobo a hagun tebur, nibit a dama, in maimaita. Na maimaita har da waƙa.

Kafin baƙi su iso, aikina ne in buɗe kowace kwalba in ɗanɗana, domin motar da ta kawo su ta daɗe a cunkoson gada, ana tsoron zafi ya taɓa su. Kwalabe kuwa a idona sun fi mutanen kasuwar Kurmi yawa. Ban karya da komai ba sai shayi. Bokiti na gefena yana kallona, ina kallonsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace na ba ta haƙƙinta har ciki. Da aka fara zama, lambun nan ya soma tangaɗi kamar kwale-kwale, ni kuma na ji a jikina cewa ina jin Faransanci, har na gaishe da wata baiwar Allah da wani harshe da ni da ita duka ba mu san shi ba.

A ƙarshen wani tebur na hango wani dattijo da babbar riga da hula zanna, farin gemu, carbi a hannu. Daga baya na ji cikin wata tawaga ya zo daga gida kan harkar noman rani. Murna ta kama ni, na rusuna na ce ranka ya daɗe, barka da hutawa. Fuskarsa ta washe, ya ce ikon Allah, ashe akwai namu a nan, ya ce in taimake shi da zobon nan nasu mai sanyi, maƙogwaronsa ya bushe. Na tafi da rawar jiki. Na tsaya gaban tuluna biyun nan, sai hagu da dama suka yi mini musaya, domin na zagayo ne ta bayan teburin, kaina kuma ba ya wurin da zai lura. Na ɗauko wanda hannuna ya faɗa kai, na cika masa kofi har baki, irin cikar da ake yi wa ɗan gida.

Alhaji ya yi bisimilla, ya ɗaga kofi. Daidai lokacin iska ta kaɗo mini ƙanshin, kuma hancin nan da Madam ke yabo ya gaya mini gaskiya: ɗinya da hayaƙin murhu. Duk abin da na sha ya tsere daga kaina a take. Kofin ya kai gab da leɓensa, sai ya tsaya. Ya ɗan shinshina, ya mayar da shi kan tebur a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Na riga na ga komai a idona: ihu, matar jakada, Madam, filin jirgi, uwargida da ƙullin tukwanenta, yara an cire su daga makaranta. Da ya ɗaga murya sau ɗaya tak, da shi ke nan, khalas.

Bai ɗaga ba. Ya yafito ni da yatsa, na sunkuya. Ya ce cikin raɗa wai ɗana, wannan zobon naku ya girme shi, in ɗauke in kawo masa ƙaninsa. Na ɗauke, na kawo na gaskiya, na shinshina shi a gabansa ba kunya. Ya sha, sannan ya riƙe wuyan hannuna ya ce la'asar ta yi, in nuna masa inda zai yi alwala da inda zai yi salla, kuma in wani ya tambaya in ce shi ya aike ni. Sai daga baya na gane cire ni yake yi daga idon jama'a, domin idanuna sun yi ja kamar gauta.

A bayan gidan, kusa da famfon masu ban ruwa, na tsuguna ina zuba masa ruwa yana alwala. Da ya gama ya ce in wanke fuskata ni ma, in sha ruwa sosai. Ya tambayi garinmu, na faɗa, har ya san kasuwarmu. Ya tambayi addinina, na faɗa. Ya ce to shi ba zai yi mini wa'azi a kan abin da ke tsakanina da Ubangijina ba, akwai masu yi mini. Amma in sani duk wanda ya riƙe kofin wani, amana ya riƙe. Ya ce shi tunda uwarsa ta haife shi abin nan bai taɓa wuce maƙogwaronsa ba, kuma da ya haɗiye yau, yana kyautata zaton Allah ba zai kama shi da abin da bai sani ba, amma ni fa, da wane ido zan dubi kaina? Ya tambaya ko ina da iyali. Da na ce e, sai ya girgiza kai ya ce don su ya yi shiru, ba don gemuna ba, tunda ma ba ni da shi. Ya shimfiɗa babbar rigarsa a ciyawa ya ta da salla, ni kuwa na tsaya a gefe, ƙato da ni, hawaye na bin kumatuna.

Da yamma na kwashe komai na gaya wa uwargida. Na zaci za ta ce ai ta faɗa. Sai ta zuba mini tuwo ta ce in ci tukuna. Da na ci, ta ce gobe da sassafe in je in gaya wa Madam da bakina, domin rufin asirin da Alhaji ya yi mini bargo ne na aro, ba a kwana biyu da shi. Na ce in ta kore ni fa? Ta ce to gara ta kore ni ina mai gaskiya da ta riƙe ni ina jiran wani Alhajin da hancinsa ya toshe da mura.

Na sami Madam a sito. Na fara kewaye-kewaye, ta ce in taƙaita, ta ga kofin da ya koma cike, ta kuma ga tafiyata, tun jiya take jira ta ga ko zan zo da ƙafata. Ta tambaya tun yaushe nake haɗiyewa. Na ce tun ranar farko. Ta tambayi dalili. Na ba ta labarin uwata da muciya, da yadda ba zan iya tofar da yawu a gaban babba ba. Dariya ta kama ta har da tari, sai da na miƙa mata ruwa. Ta ce wai ya basha, watau duk wannan tsawon lokaci ladabi ne yake sa ni maye? Sai kuma dariyar ta ɗauke kamar an kashe fitila. Ta ce shagon nan na yayanta ne, hancinsa ya fi nawa sau dubu, shi ma bokitinsa a bushe yake kwana, kuma da hannunta ta rufe masa ido tun bai yi furfura ba. Ta ce a wannan sana'a bokitin nan ba ƙazanta ba ne, shi ne ke raba ma'aikaci da mashayi. Ta cire ni daga liyafa da gaban shago, ta mayar da ni ɗaukar kwalaye. Batun sabunta iƙama kuwa, wadda ta kusa ƙarewa, ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ba ta yi mini alkawari ba, sai abin da idonta ya gani.

Watannin nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Kullum da safe ta kan fito da ni bayan shago da kwalbar zobo da bokiti don in koyi tofarwa, ta zauna a kujera tana ba da umarni kamar sajan. Na jiƙa riga, na jiƙa takalmi, na jiƙa wata kyanwa da har yau in ta gan ni sai ta canja hanya. Mai gadin gidan da ke kusa ya zaci ciwo ne ya kama ni, har ya kawo mini magani. Wahalar gaske kuwa ba ta tofarwa ba ce, ta marmari ce. Da la'asar jikina kan nemi ɗumin nan da ya saba, in ji haushin kowa, in rasa abin dariya, ni da ban taɓa rasawa ba. A nan na san cewa tumbin da na ce teku ba zai cika shi ba, cokali-cokali ya ci shi da yaƙi. Uwargida ta dinga haɗo ni da abinci mai nauyi, ta ce kada in ƙara taɓa kofi da cikin wofi. A hankali marmarin ya ja da baya. Wata safiya Madam ta dawo da ni teburin ɗanɗano, ta jera kofuna, ta zuba ido. Na bi su duka, na faɗi abin da na ji a kowanne, na tofar a gabanta, ina jin muciyar uwata a bayana amma ban fasa ba. Da za ta tashi ta ce gobe in zo da fasfo ɗina da na iyali.

Yau ina nan a shagon, yara sun yi nisa a karatu, tuwon uwargida ya ƙara suna. A wurin aiki ko ɗigo ba ya wuce maƙogwarona. A gida kuwa sai ranar Kirsimeti, kofi ɗaya a kan abinci, kwalbar kuma a hannun uwargida take, wadda ta fi kwastan tsanani. A duk liyafar da na je, zobo a tulun ƙasa yake zuwa da ganyen na'ana'a a kai, ko matar wane ce ta ce a yi dabam sai in ba ta haƙuri. Na san da yawa cikin masu karatu za su ce ai barin sana'ar gaba ɗaya ya fi, kuma ba zan yi musu da su ba, kowa ya san abin da addininsa ya ɗora masa.

Abin da nake so in bar wa 'yan'uwa, musamman masu fita neman abinci a ƙasar wasu, shi ne kowace sana'a tana da ƙa'idar da za ta yi maka kama da wauta ko rashin kunya, alhali wani ne ya mutu kafin a kafa ta. In ba ka gane ba ka tambaya, kunyar tambaya ba ta kai ta faɗuwa a gaban jama'a ba. Kada kuma ka yarda da kalmar nan kaɗan, domin ni a lokacin ban taɓa zama na sha kofi cikakke ba, kurɓi-kurɓi ne ya kusa kwashe gidana. Na yi sa'a na faɗa hannun dattijon da ya zaɓi ya rufa mini asiri, wanda ko sunansa ban tambaya ba, kuma kullum ina sa shi a addu'a. Ba kowa ke samun irinsa ba. Don haka kafin ka miƙa wa ɗan'uwanka kofi, ka fara taɓa wuyanka ka tabbata kanka yana nan.